Babu Kowa a Uku

Injiniya yana zuba ruwan zafi a kofi wayarsa ta hau ruri. Bai duba sunan ba. Autarsa ce, kuma ya san zancen: kyamarar falo ta sake ɗaukewa.

"Baba, ba na ganinka."

"Ina nan. Da na mutu ai da na sanar da ke."

Ba ta yi dariya ba. Tun da ya zame a banɗaki ta daina dariyar irin wannan magana. Ita ta sa aka kafa kyamarar a saman kantar littattafansa don ta riƙa leƙa shi daga garin da take aure, kuma sharaɗin a fili yake: ko kyamara, ko ya tattara ya koma wurinta. Mijinta har ya yi wa ɗakin fenti. Mutumin kirki ne, irin wanda ke ɗaga murya in yana magana da tsoho, kamar furfura a kunne take fitowa. Yau ta ce sun gaji, kullum da yamma sai hoton ya ɓace. In abin bai gyaru ba, ran Asabar za su zo da mota.

Ya ce zai duba. Ba sai ya duba ba.

Aikinsa ke nan har ya yi ritaya: raba wa kwamfutocin ofis adireshi. Kowace na'ura da ke kan layi sai da adireshinta, lambobi rukuni huɗu da ɗigo a tsakaninsu. A ƙaramin gida irin nasa, ukun farko kamar sunan titi ne, kowa ya yi tarayya a kansu. Ta ƙarshe ita ce lambar ƙofa. Da ya sayo akwatin wayfai, da hannunsa ya raba lambobin, don bai yarda inji ya tsara masa gida ba. Akwatin ya ɗauki ɗaya, shi biyu, matarsa uku. Ta leƙo ta kafaɗarsa a lokacin ta ce ko a nan ma sai da ya shige gabanta. Yara suka samu huɗu zuwa shida. Baƙi kuwa akwatin ne ke ara musu lamba daga ɗari zuwa sama, aron yini guda. Wanda bai dawo ba a ba wani.

Ranar da mai kyamarar ya zo kafa ta da safe ne, matarsa ta riga ta rasu, wayarta tana a kashe cikin durowa. Ya buɗe kwamfutarsa a kan tebur, ya ƙwanƙwasa lambobin ɗaya bayan ɗaya don ya ga mai amsawa, sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Babu kowa a uku." Ya ba kyamarar lambar, ya kulle ta da kalmar sirri.

Injiniya yana zaune yana ji. Cikin duk waɗanda suka cika falon nan lokacin ta'aziyya, ba wanda ya faɗi maganar a taƙaice haka. Bai musa ba.

Sai dai kullum bayan la'asar yakan fito da wayar tata ya kunna. Layin ya daɗe da mutuwa, amma da wayfai tana aiki, kuma matan danginta ba su cire ta daga zaurensu na hira a waya ba, ko don mantuwa ko don kunya. Da ta kama sai saƙonni su yi ta shigowa, gaisuwa da addu'o'i da hotunan jikoki. Ba ya buɗewa. Tana raye ma bai damu da hirarsu ba. Ƙarar yake so. Sai ya ajiye ta a hannun kujerarta, ya ɗauki littafi, gidan ya yi kamar uwargidan ta shiga kicin ne ta bar wayarta.

To, ƙofa biyu da lamba ɗaya. Saƙo ya zo ya rasa wadda zai shiga, akwatin ya ruɗe, kyamarar ta makance, wayar ma ta riƙa kamawa tana saki.

Ya kira mai kyamarar ya nemi kalmar sirrin. Saurayin ya ba shi haƙuri cikin ladabi, ya ce dokar kamfani ce, sai wadda ta sa aikin ta amince. Sannan ya tambaya, wai akwai wata na'ura ce a ukun? In tsohuwa ce a kashe ta kawai, Baba, an huta.

Injiniya ya yi masa godiya ya katse.

In ya gaya wa Auta, kuka za ta yi, ta gaya wa mijinta, motar ta zo tun kafin Asabar. Ya zauna da wayar marigayiyar a tafin hannunsa. Gefen gilashin ya tsage tun ranar da ta faɗi a asibiti. Gyaran bai fi numfashi biyu ba: ya goge ukun, ya bar akwatin ya zaɓa mata. Amma akwatin cikin baƙi zai sa ta. Matar da ta zaɓi labulen nan, ta yi faɗa da shi a kan inda kantar za ta zauna, a ba ta lambar aro. Ya duba huɗu, ya duba biyar. Da ita ce da ta ce a bar wa yaran abinsu, za su zo hutu. Haka take cewa kowace shekara.

Shayin ya huce. Ya gyara tabarau, ya shiga saitin wayarta, ya goge uku, ya rubuta biyu. Sannan ya ɗauki tasa ya cire mata lambar, ya bar ta a hannun akwatin.

'Yar fitilar kyamarar ta koma koriya. Wayar da ke hannun kujera ta fara ƙara, ɗaya na bin ɗaya, ba yankewa. Tasa ma ta hau ruri, Auta ce.

"Ga ka nan, Baba. Ka ɗaga min hannu."

Ya ɗaga wa kantar littattafai hannu.

Ta tambayi abin da ya lalace, ya ce wani ne ya zauna a wurin wani, an sasanta su. Sannan ta ce wace ƙara take ji haka, kamar saƙonni. Ya ce na maƙwabta ne, bangon ba kauri. Ta ce to ya ci abinci, ya sha magani, kuma zancen Asabar a bar shi tukuna.

Da ta ajiye, ya duba fuskar wayarsa ya ga abin da akwatin ya ba shi. Ɗari da huɗu. A ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa aron zai ƙare gobe da yamma, sai in an sabunta.

Ya kifa wayar a kan tebur, ya buɗe littafinsa inda ya tsaya jiya.