Askin Hannun Hagu

Ta zo ne da motar ɗaukar kaya, don kada Baba, mahaifinta, ya ce a bari sai gobe. Sun riga sun gama magana da yayanta ta waya: yau za a kwashe shagon askin, kujera da madubi da benci, shi kuma ya zauna gida ya huta. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye bara, hannun da ya ciyar da su duka ya koma kamar na aro, ƙafar ma janta yake yi. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ta san ɓarnar da aska za ta iya yi a hannu mai rawa. Umma ce ta tsegunta mata cewa fitar da yake yi da safe da sunan motsa ƙafa, shago yake buɗewa.

Ta ce wa mai motar ya jira, ta ɗaga labule da sallama.

"A'a, Uwata ce! Shigo, ki lura da wayar injin aski," in ji Baba, ko kunyar kamun bai ji ba.

"Baba, ina kwana. Wannan ne motsa ƙafar?"

"To ba a kanta kika same ni tsaye ba?"

Tsofaffi uku na jere a benci, kowa ya danna hula har kunne. A kan kujerar aski kuwa Birki ne, tsohon direban bas, abokin Baba tun suna samari, an ɗaura masa ƙyalle a wuya.

"'Yata, gara da kika zo," in ji Birki. "Ubanki ya mayar da ni fanka."

Ba ta gane ba sai da ta tsaya ta kalla. Da can Baba shi ke zagaya mutum, yana tafe yana hira. Yanzu ya kafe wuri guda, ya jingina ƙugunsa da kantar shagon, injin a hannun hagu. Hannun daman ya ɗora shi a tsakiyar kan Birki, nauyinsa kawai ya isa ya hana kan motsi.

"Juyo," in ji Baba.

Birki ya tura ƙasa da ƙafafunsa, kujerar ta juya da shi.

"Kaɗan na ce! Kai da ka tsufa a tuƙi, har yau ba ka iya tsayawa ba?"

"Kujerarka ce ba birki, ni nawa lafiya lau."

'Yan benci suka kwashe da dariya. Ɗayansu, tsohon tela, ya cire hula ya nuna mata ƙeyarsa.

"Ni aka fara gwada hagun a kaina. Matata ta ce ko ɓera ya same ni ina barci. Amma dubi na wannan makon."

Ta duba. Layin ya ɗan karkace wajen kunne, sauran kuwa sumul. Dariya ta taso mata, ta danne, don ba abin da ya kawo ta ba ke nan.

"Baba, gashi dai zai sake fitowa. In aska ta zame a wuyan mutum fa?"

Baba ya kashe injin. Ya jawo aljihun kantar da hannun hagu, ya ciro wani abu a naɗe cikin tsumma. Askarsa ce mai ƙotar ƙashi, wadda ko taɓawa ba a bari su yi suna yara.

"Kin tuna yankan da kika wanke min a kumatu, na ce ƙofa ce ta buge ni?"

"Na tuna. Na kuma san ƙofa ba ta yanka haka."

"To a fuskata na gwada, ba a ta kowa ba. Hagun ya ƙi. Ranar na naɗe ta. Mai son gyaran gemu ya tsallaka titi, akwai masu jini a jika." Ya miƙa mata. "Riƙe, ki kai wa yayanki ya ajiye. Gemu ya fi ƙarfina, Uwata, na sallama. Amma kai, ban gama da shi ba tukuna."

Ta karɓa. Ta zo da shirin jayayya, har ta tanadi amsar kowace gardama, sai ga shi abin da take tsoro ya riga ta ajiye shi da kansa. Ta dubi ƙafarsa ta dama, ta ga tana ɗan karkarwa saboda tsayuwa.

Mai motar ya gaji da jira, ya leƙo. "Anti, da wanne za a fara, kujerar ko madubin?"

Ita Baba yake kallo, injin a hannu.

"Ba a ɗaukar komai," ta ce. "Kawowa za mu yi. Akwai doguwar kujera a gidana, Baba zai riƙa ɗosana jiki a kai. Kuma Baba, azahar na yi a rufe."

"La'asar."

"Azahar."

"Ka ji ta, uwar tawa sak," in ji Baba. Ya kunna injin, ya ƙare wa kan mai motar kallo. "Kai kuma samari, wa ya yi maka wannan aika-aika? In kun dawo ka bi layi. Birki, juyo. A hankali!"