Na'am Ɗin Auta

Innarmu ba ta taɓa buƙatar likita ya gaya mata yadda ƙanena ya kwana ba. Kira ɗaya take yi da safe ta gane. Za ta tsaya a ƙofar kicin, kofin ruwa a hannun dama, ƙwayar magani a na hagu, ta ɗaga murya ta ce, "Auta!" In ya ce "Na'am, Inna" daga ɗakinsa, to ranar tamu ce, sai ta yi hamdala ta miƙa masa maganin. In kuwa shiru ya biyo baya, ko muka ji yana na'am ƙasa-ƙasa ga wasu da ba mu gani, sai ta dube ni ta ce, "Yau baƙi sun riga mu."

Baƙi, haka take kiran muryoyin da ke kiransa. Ita ba ta yarda a ce hauka a gidanta ba, wanda duk ya faɗa kuwa ya gama shan ruwan gidanmu.

Ni ce babbar yayarsa, kuma tela ce ni. Ƙaryata ba ta wuce ta ranar karɓar ɗinki, saboda haka ku yarda da ni in na ce kafin ciwon nan babu mai haɗa wutar lantarki kamar Auta a unguwarmu. Rabin gidajen layinmu hannunsa ne. Shi ya ja mini waya zuwa keken ɗinkina, ya ɗaura mini ƙwan fitila daidai saitin allura don kada idona ya lalace. Ciwon ya zo masa ba sallama, yana saurayi. Da magani yana lafawa, har yakan gyara wa maƙwabta soket da fanka. Abu ɗaya ne ya ƙi fita daga kansa. Ya haƙiƙance cewa baƙin ta wata waya suke biyowa, wadda ke saman turken lantarkin kwanar layinmu. Yakan je ya tsaya a gindin turken yana ba su haƙuri. Kowa ya san shi, mai shagon kwanar har kujera yake tura masa.

Ana nan ɓarayi suka ishi gari. A yanke wayar lantarki a bar mutane cikin duhu, a fizge jakar mace da rana tsaka. Ita kanta Inna an taɓa fizge mata tata a bakin asibiti, da maganin Auta a ciki. Sai ga wani ɗan takara ya fito da fuskarsa a ɗaure jikin kowane bango, a ƙasan hoton an rubuta: Ba sani, ba sabo. Mutumin nan ko murmushi bai iya ba, mu kuwa muka ce ai shi ne maganin abin. Unguwarmu ta zaɓe shi ƙwanta da kwarkwatarta.

Da ya hau, bai yi ƙarya ba. Ya kawo sabuwar doka: duk wanda aka kama da kayan aiki a jikin turken lantarki, ba beli, kotu ta musamman, hukuncin kuma a yanke yake, ko alƙali ba shi da ikon ragewa. Muka tafa.

Wata ranar da baƙi suka riga mu, Auta ya gaji da ba su haƙuri. Ya ɗauki filaya da sukudirebansa ya hau turken don ya cire musu hanya. Bai kai ga taɓa wayar ba motar sintiri ta iso. Da yamma muka gan shi a talabijin, an zaunar da shi a ƙasa cikin wasu mutane, an jera kayan aikinsa a gabansa, mai karanta labarai yana cewa an tarwatsa gungun ɓarayin waya. Shi kuwa sai waige-waige yake yi, na san Inna yake nema.

Muka kwashi kwalayen maganinsa muka tafi ofishin 'yan sanda. Babbansu ya jujjuya kwali ɗaya, ya ce, "Mama, wallahi na ga alama tun da aka kawo shi. Amma hannuna a ɗaure yake. Ku kai wa kotu, can ne za a saurare ku."

Ranar shari'a muka yi sammako. Da baƙar motar fursunoni ta tsaya a harabar kotu, Inna ta kutsa tsakanin masu gadi da tsufanta, ta kai bakinta saitin 'yar tagar ƙarfen.

"Auta!"

"Na'am, Inna!"

Ta juyo ta dube ni, fuskarta kamar an yi mata albishir. Kwana da kwanaki bai sha magani ba, amma ga shi ya amsa. Ta sake manna baki ta ce, "Ka ji ni da kyau. In manya suka kira ka a ciki, ka amsa. Kada ka yi musu shiru, kada ka kula baƙi. Ka amsa da ladabi, su san ɗan gidan mutunci ne kai. Ka ji?"

"Na ji, Inna."

A ciki mutane ake shigarwa layi-layi kamar masu jiran allura a asibiti. Alƙalin ya gaji tun kafin a zo kan namu. Magatakarda ya kira cikakken sunan Auta, shi kuma ya ce, "Na'am, ranka ya daɗe." Aka karanto tuhuma da gudu, ni mai lafiya ma ban tsinci rabinta ba. Sannan alƙali ya ɗago ya ce, "Ka ji abin da aka karanta. Ka amsa laifinka, ko ba ka amsa ba?"

Na san ƙanena. A duk maganar nan kalma ɗaya ce ta shiga kunnensa. Ya gyara tsayuwa, ya haɗe hannuwansa a gaba, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Na amsa, ranka ya daɗe."

Sai ya waiwayo ya yi wa Inna murmushi. Ita ma ta gyaɗa masa kai. Ni ce na miƙe ina ihu cewa ba shi da lafiya, bai san abin da ya amsa ba, masu gadi suka fitar da ni. Kafin in dawo an yanke masa ɗauri, har an kira na bayansa. Daga baya mun sami wani lauya mai kirki, ya saurare mu tsaf, ya ce zai gwada, amma ya ƙara da cewa, "Matsalar ita ce da bakinsa ya amsa, Mama." Inna ta kama bakinta da hannu har muka iso gida.

Gidan ya yi mana faɗi. Ban taɓa sanin cewa mutum mai yawan shiru yana cika gida haka ba sai da babu shi. Ina kewarsa, ina kewar ƙarar takalmansa da yake ja a ƙasa, abin da na shekara ina yi masa faɗa a kai. Ƙwan da ya ɗaura mini ya mutu, na ƙi kiran kowa ya canza, na koma ɗinki a bakin taga. Inna kuwa ba ta daina kira ba. Kullum da safe za ta tsaya a ƙofar kicin da kofin ruwa ta ce, "Auta!" Ta ɗan dakata gwargwadon faɗin na'am, sannan ta zuba ruwan a gindin shukar da ke bakin ƙofa. Shukar nan ba ta taɓa yin kyau irin na bana ba.

Ɗakin ziyara a gidan yari dogon ɗaki ne, an raba shi biyu da ragar ƙarfe, kowa yana ihu don nasa ya ji shi. Maganin da muka kai aka ce ba a shiga da na waje, akwai nasu. Da muka tambayi nasu aka ce ana jiran a kawo. Zuwanmu na farko aka fito da Auta an yi masa aski, rigar ta yi masa yawa a kafaɗa, idona na tela ya ga inda za a rage. Inna ta kira shi. Ya dube ta sosai, ya san ta, amma bai buɗe baki ba. Ta ce a hanya, "Baƙi ne. In magani ya zo zai amsa."

Muka koma, muka sake komawa, shiru dai. Wani zuwan ma aka ce ba za mu gan shi ba, yana ɗakin horo. Wani dattijon gandiroba ya ja mu gefe ya ce, "Mama, yaron nan ba ya faɗa, ba ya zagi. Amma in ana kiran suna da safe ba ya amsawa, kuma a nan rashin amsawa laifi ne, taurin kai ake ɗaukarsa. Ni na san ba shi ba ne, amma ba ni kaɗai ke aiki ba. Maganarki yake ji. Don Allah ki ce masa ya riƙa amsawa."

Inna ta dubi mutumin. Ta ce, "Malam, na taɓa ce masa haka."

Ziyarar da ta biyo baya aka fito da shi, ya ƙara ramewa. Bai je saitin Inna ba, ya matso inda nake, ya sa yatsunsa cikin ragar, ya yi magana ƙasa-ƙasa har sai da na manna kunne.

"Yaya, ki ce wa Inna ta daina kirana."

"Me ya sa, Auta? Fushi kake yi da ita?"

"A'a. Na daina amsawa ne. Na gano dabararsu. In ka amsa, rufe ka ake yi. Baƙin ma yanzu ba na amsa musu." Ya ɗan dubi gefen da take. "Amma in ita ta kira, da ƙyar nake riƙewa. Ciwo yake yi mini a nan." Ya taɓa ƙirjinsa.

Ban iya maimaita mata ba, kuma ban buƙaci yi ba, don kunnen Inna bai taɓa tsufa a kan muryar Auta ba. Ta matso a hankali, ta ɗora yatsunta a kan nasa ta cikin ragar. Gandiroban nan yana tsaye daga baya yana yi mata alama da kai, ta faɗa masa, ta faɗa masa. Na san in ta ce ya amsa, zai amsa, ya huta da ɗakin horo. Ta buɗe baki, na ga kalmar ta zo ta tsaya mata, ta kasa fita.

Ta ce, "Ba sai ka amsa ba, ɗan albarka. Ni dai ka bar ni in kira."

Aka buga ƙararrawar tashi. Mutane suka fara ja da baya suna ihun sallama. Inna ba ta ɗaga murya ba, ta faɗa yadda take faɗa a ƙofar kicin.

"Auta."

Leɓensa ya buɗe kaɗan. Sai ya runtse ido ya datse haƙora, na ga maƙogwaronsa ya motsa, ya haɗiye na'am ɗin. Inna ta jira gwargwadon faɗin na'am, sannan ta gyaɗa kai ta ce, "Na ji."