'Ya'yan Farin Kwarin Gidaɗo

Ni 'yar Kabara ce, can aka yanke min cibiya, kuma ranar da aka kawo ni gidan Malam Salihu a Ƙofar Mazugal ba wanda ya gaya min gari guda na aura. Malam yana koyarwa a firamare nan cikin birni, amma asalinsa mutumin Kwarin Gidaɗo ne, wani ɗan gari a cikin kwari kudu da Kano inda ake noman albasa da rake da alkama. Duk wanda ya fito daga Kwarin da wata buƙata, asibiti ne ko kotu ko sayen taki, zaurenmu ne masaukinsa. Ni ce mai tuƙa tuwon, kuma ban taɓa ɓoye musu cewa hannuna yana gajiya ba.

Tarihin garin kuwa na ji shi har na haddace, don ba baƙon da zai ƙoshi ya wanke hannu bai maimaita min ba. Wai Gidaɗo Bafillace ne, kakan kakan Malam. Annoba ta cinye masa garke, ya gangaro kwarin da 'yan shanun da suka rage, ya ga ruwan wurin ba ya ƙafewa ko da rani, sai ya jingine sanda ya ɗauki fartanya. Manoman tudu suka koya masa ban ruwa da jigo, suka ba shi 'yarsu, gari ya tashi. Yau jikokinsa ba mai iya haɗa magana biyu da Fillanci, shanu ma sai na huɗa. Kunyar ce kawai suka riƙe, ita kam ko ɗigo ba su zubar ba.

Shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓa, aka yi shelar cewa duk garin da mutanensa suka kai wani adadi za a gina masa ɗakin shan magani. Masu ƙirga suka je Kwarin, suka bi gida-gida suna tambayar kowace mace 'ya'yanta nawa. Da sakamako ya fito sai aka ce Kwarin bai kai ba, ɗan kaɗan ya rage. Ɗakin magani za a kai shi Tudun Sabo, ƙetaren rafi. Rafin nan kuwa da damina in ya cika, ko jaki ba ya yarda ya sa ƙafa.

A wannan satin surukata ta zo birni za a duba mata ido, maigari Garba ya rako ta. Mutanen Kwarin 'Yardada suke ce mata, mu Inna muke cewa. Ita ce ungozomar garin, rabin mutanen da ke yawo a Kwarin a hannunta suka faɗo. Daminar da ta wuce wata yarinya Kande naƙuda ta yi mata gardama, aka ɗauko ta za a kai asibiti, rafi ya hana. A bakin ruwan ta cika, kanta a cinyar Inna. Tun daga nan Inna ba ta da zance sai na ɗakin magani, ko yanar da ke idonta ba ta dame ta kamarsa ba.

Malam ya zauna da maigari a zaure suna ta lissafin inda mutane suka shige. Shi Malam cewa ya yi tsoron haraji ne, mutanen ƙauye da sun ga mai biro sai su tura samari bayan rumbu. Maigari ya rantse ya maya cewa ba wanda aka ɓoye, ai kowa ya ji a rediyo za a soke haraji da jangali, to ɓuyan na mene ne. Ni dai ina jin su ta taga, ina cewa a raina ku gama ku ba ni kwanukana.

Sai na faɗi yadda Inna take da Malam, don a nan maganar take. Shi ne ɗanta na fari. Mu ma a birni muna kunyar ɗan fari, ba na musu, amma tamu mai sauƙi ce, a laƙaba wa yaro wani suna a ci gaba da harka. Ta Inna daban ce. In ya shigo gaishe ta sai ta juya fuska bango, ta amsa a taƙaice kamar mai amsa wa baƙo. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan" ko "mai gidan nan". Kakarsa ce ta raine shi tun daga yaye, haka al'adarsu take. Malam yakan ce shi bai dame shi ba, ya saba. Ƙarya yake. Ni nake ganin yadda yake sayo mata goro fari mai kyau ya ba ni in miƙa, sannan ya tsaya a bakin ƙofa yana gyaran hular da ba abin da ya same ta. Abin yana ƙona min rai, wallahi.

Ran nan da hantsi maƙwabciyarmu Hajiya Talatu ta shigo duba Inna. Hajiya ba ta iya zama ba tambaya, hira ta yi hira sai ta tambayi Inna 'ya'ya nawa Allah ya ba ta. Inna ta lanƙwasa yatsu ta ce Mikail, da Nana Hadiza, da Ikrima, a nan ta tsaya. Malam kuwa yana tsakar gida yana wanke kekensa, yana ji. Na ga hannunsa ya tsaya, sannan ya ci gaba da goge ƙarfen da ya riga ya goge.

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi magana, sai wani abu ya faɗo min. Na ajiye tiren da ke hannuna na ce, "Inna, da masu ƙirga suka zo Kwarin, haka matan suka amsa?"

Ta dube ni da idonta mai lafiya kamar na tambaye ta ko ruwa yana jiƙa. "To da yaya za su amsa? Mace da hankalinta ta buɗe baki gaban maza ta ƙirga na fari?"

Ashe nan mutanen suka shige. Uwa ba ta ƙirga ɗan fari ba don kunya. Kakar da yake hannunta kuma an tambaye ta 'ya'yanta ne, ta faɗi waɗanda ta haifa, jika ai ba ɗa ba ne. Kowane gida mai ƙananan yara an bar guda a waje, yana nan yana cin tuwo yana korar tsuntsu a gona, gwamnati ba ta san da shi ba. Maigari da aka gaya masa ya riƙe haɓa ya daɗe, don shi ma da aka zo gidansa bai ga wani kuskure a amsar matansa ba.

Malam ya hau keke ya tafi Ƙofar Ɗan Agundi wurin Alhaji Isiyaku, sabon ɗan majalisar yankinsu. Ya dawo ya ce Alhaji ya yi dariya har da hawaye, daga baya kuma ya nutsu. Alhaji ya ce zai iya sa a sake tura masu ƙirga, amma sau ɗaya tak, kuma ba zai zubar da girmansa ba in za a je matan su sake yin irin ta da. Ya tambayi wadda matan Kwarin suke jin maganarta, aka ce Inna. Ya ce to ranar Juma'a in an sauko masallaci zai zo ya gaishe ta, yana so ya ji daga bakinta. In ita ta iya faɗa, sauran za su iya.

Inna ta ce sam. Ta ce uwarta ba ta yi ba, kakarta ba ta yi ba, ba ita za ta fara da furfura a ka ba. Maigari ya lallaɓa, ta ce ya je ya lallaɓi matansa. Malam ya hana kowa matsa mata, ya ce ba zai sa a kunyata mahaifiyarsa don gini ba, Allah zai kawo wata hanya. Ni kuwa na san ba wata hanya, damina tana tafe, kuma a Kwarin masu ciki ba sa ƙarewa.

Ranar Alhamis da la'asar ina tsefe mata kai na kasa haƙuri. Bakina ba ya da linzami, kowa ya sani. Na ce mata ita da ta riƙe Kande a bakin rafi, ita ce za ta zauna tana kunya, wata Kanden tana can da ciki wata bakwai. Na ce kuma bawan Allahn nan da take ce wa "wancan" gemunsa ya fara fari bai taɓa jin ta ce nata ba ne. Ina gama faɗa na zaci za ta ce a mai da ita gida.

Ba ta yi faɗa ba. Sai ta ba ni labarin shekarar da ƙyanda ta kama Malam yana ɗan yaye a ɗakin kakarsa. Ta ce yini take a bayan zana da tulu a ka kamar mai shirin zuwa rafi, tana sauraron numfashinsa, ba ta isa ta leƙa ba kar a ce ba ta da kunya. "Kin zaci ƙi ne, 'yar nan," in ji ta. "Sunan yana bakina kullum. Fita ne ban taɓa bari ya yi ba." Na ci gaba da tsifa ina share ido da gefen zani. Ba ta ce za ta yi ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Juma'a Alhaji Isiyaku ya zo da maigari. Da yake tsohuwa ce aka shigo da su tsakar gida, na shimfiɗa musu tabarma ƙarƙashin darbejiya na koma bakin madafi inda zan ji komai. Malam ya tsugunna can nesa kusa da ƙofar zaure, kansa a ƙasa. Aka gaisa, aka tambayi ido, aka tambayi albasar bana. Sannan Alhaji ya gyara zama ya tambaye ta ko matan Kwarin za su faɗi 'ya'yansu duka in an sake zuwa. Inna ta ce in ta shiga gaba gida-gida za su faɗa.

"To Inna, fara da ni," ya ce a hankali. "'Ya'yanki nawa?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa. Ta ce, "Mikail," na ce a raina shi ke nan an rasa. Maigari ya sunkuyar da kai. Sai ta tsaya, ta yi gyaran murya.

"A'a. Akwai na gabansa. Ni na haife shi." Muryarta ta yi ƙasa har sai da Alhaji ya matso. "Salihu."

Ba kiransa ta yi ba, lissafi take yi wa baƙo. Amma Malam, daga inda yake tsugunne, kafin ya san abin da yake yi ya ɗago kai ya ce, "Na'am, Inna."