Maganar da Aka Sa wa Baba a Baki

Kwalaye shida ne jere a bakin ƙofar maɗaba'ar, kowanne ɗaure da igiyar leda. Auta ta tsaya a kansu, ta kasa taɓa ko ɗaya. Shekara biyu ta yi tana zana littafin nan a kan teburin gugar Mama, don shi kaɗai ne teburin da ba ya girgiɗi a gidan. Kuɗin buga shi kuwa ba nata ba ne, karo-karo aka yi mata a intanet. Akwai ɗalibai a ciki, da ma'aikatan jinya, da mutanen da ba ta taɓa gani ba. Dukansu ta yi musu alkawarin littafi zai shiga hannunsu a wannan makon.

"Ki buɗe mana," in ji Yaya, babban wanta, wanda ya kawo ta a motar wurin aikinsa. "Ko sai an kira 'yan jarida?"

Labarin zane ne, irin wanda hotuna ke jeruwa cikin akwatuna, maganar kowa tana cikin wata farar da'ira da ke fitowa daga bakinsa. Auta balan-balan take ce wa da'irar. Labarin mahaifinsu ne, tsohon direban bas da bakinsa ba ya hutawa, ya tsokani fasinja, ya tsokani kwandasta, har ranar da ya faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Yana ji, yana ganewa, amma ko kalma ɗaya ba ta fita. Shi ya sa daga shafi na goma sha tara har ƙarshe, duk balan-balan ɗin da ya fito daga bakin Baba ta bar shi fari fes, babu ko ɗigo. Saboda wannan shirun ta zana littafin. Saboda shi ne kuma wata darakta ta ce a kai mata bugagge ranar Alhamis, kafin ta yi doguwar tafiya, su ga ko zai yi gajeren fim. Tun tana makaranta Auta ke mafarkin ranar da za ta tsaya a bayan kyamara.

Ta yanke igiyar da makullin motar Yaya, ta zaro ɗaya. Bangon ya yi kyau. Ta shinshina takardar, ta wuce kai tsaye shafi na goma sha tara.

Ga Baba a kan gadon asibiti, ga balan-balan a saman kansa, ga rubutu baƙi ƙirin a ciki: "Ku yi haƙuri iyalina, jarrabawa ce."

Ta ɗauka idonta ne. Ta buɗe gaba, inda ta zana ranar da Baba ya yi jifa da kofi don haushin ana ba shi a baki kamar jariri. Kofin na cikin iska, fuskarsa a murtuke, balan-balan ɗin kuma yana cewa, "Na ƙoshi, Allah ya saka da alheri."

Ita da ko canji ba ta iya tambaya a kanti in an manta, sai ga ta a tsakiyar maɗaba'a, tana magana har muryarta na haye ƙarar inji.

"Malam, wa ya taɓa min aiki?"

Mai maɗaba'ar ya fito daga bayan injin yana goge hannu da tsumma. Gajere ne, tabarau rataye a wuya, fara'a har kunne.

"Kin gani ko? Ai na san za ki lura. Rubutunki ne ya zube a hanya, 'yata. Na buɗe na ga ramuka har arba'in da ɗaya. Kwana biyu na yi ina cike su, kuma ban ƙara miki ko sisi ba."

"Ba zubewa ya yi ba. Haka na bar su."

"Haka kika bar su?" Ya ɗora tabarau a hanci ya dube ta da kyau. "Da gangan?"

"Me ya hana ka kira ni?"

"Na kira, ba ta shiga ba."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya, amma na daɗe ina riƙe da wayar."

"Mutumin nan ba ya magana, Malam. Mahaifina ne. Labarin ke nan."

"To in ba ya magana, me ya kawo da'ira a bakinsa? Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa sakin littafi da rami a ciki ba. Gobe a ce wane ne ya buga, a ce ni. Kuma ki duba, ba shirme na sa ba. Ni ma a makaranta ni nake rubuta mana wasan kwaikwayo."

Yaya ya karɓi littafin ya jujjuya, ya ɗan ja ta gefe.

"Auta, sassauta. Ba zagi ya rubuta ba. Mutane suna jira, ga matar fim jibi. Wa ya san da fari kika bar shi? Kuma tsakani da Allah, da Baba zai iya magana ai haka zai ce."

Wannan jimlar ce ta fi komai ƙona mata rai. Shekara uku ke nan tana jin ta. Baƙi su zo dubiya, Baba ya kau da kai, sai wani ya ce, "Yana cewa ya gode." Likita ya tambayi Baba inda ke masa ciwo, kafin ya ɗaga hannu an riga an amsa. Kowa ya zama bakin Baba. Wuri ɗaya ta gina a duniya inda ba wanda zai ari bakinsa, shi ma ga wani ya shigo da takalminsa, har yana jiran godiya.

"Ba zan ɗauki kwalayen nan ba," ta ce.

"To ni ma ba zan sake bugawa ba," in ji mai maɗaba'a. "Aikin alheri ya zama laifi."

Ɗaya kawai ta ɗauka. A mota, sai da suka kusa gida Yaya ya ce, "Bari mu nuna wa Mama. Za ki ga kuka za ta yi don daɗi."

Sun tarar da Baba a kujerarsa ta gefen taga, hannun dama a kan matashi, Mama tana ninke wanki. Yaya ya gyara murya, ya karanta musu shafi na goma sha tara, ya karanta na kofi, ya ƙara da wani inda Baba ke kallon bas na wucewa yana cewa, "Duniya ba wurin zama ba ce, 'ya'yana."

Mama ta ajiye zanen da take ninkewa.

"Wannan wane mai wa'azi ne?"

"Baba ne mana."

"Baban wa? Shekara talatin da biyar ina dafa wa mutumin nan abinci, bai taɓa ce min Allah ya saka da alheri ba. Sai dai ya ɗanɗana ya ce, 'Gishirin ya tafi hutu ne?' In kuma bas ta wuce, cewa zai yi direban bai iya canza giya ba."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Baba. Ya miƙo hannun hagu, Yaya ya ɗora masa littafin a cinya. Ya daɗe yana kallon hoton kofin. Sannan ya sa babban yatsa a kan rubutun ya fara murzawa, yana murzawa, har takardar ta yi laushi. Tawadar ba ta goge ba.

"Yana nufin..." Yaya ya fara.

"Don Allah Yaya, kada ka ƙarasa."

Ita ma maganar tana bakinta. Tana so ta ce kun gani, yana nufin a cire. Ta haɗiye ta. Ta durƙusa a gaban kujerar yadda idonta zai daidaita da nasa.

"Baba, ni na zana ka, ban sa maka magana ba. Wani ne ya sa. A bar ta a ciki?"

Ya dube ta. Ya girgiza kai a hankali, hagu da dama, sau biyu. Ya ture littafin ya faɗi ƙasa.

"To ka ji," in ji Mama, ta koma kan wankinta.

Yaya ya sosa ƙeya. "Matar fim fa?"

Auta ta shiga ɗaki ta kira daraktar tun kafin tsoro ya dawo mata. Ta yi bayani tana in-ina. Matar ta saurara, ta ce abin ba daɗi, amma masu zuba kuɗin fim bugaggen littafi suke son gani, ita kuma Juma'a za ta tashi, sai bayan wata huɗu. "In na dawo mu gani," ta ce. Auta ta san yadda irin wannan "mu gani" ke ƙarewa. Ta zauna a bakin gado, idonta ya cika, haushi ya hana hawayen zuba. Daga nan ta rubuta wa masu karo-karo cewa littafi zai yi jinkirin mako biyu, laifin ba nasu ba ne, kuma ba za ta aika musu da abin da ba shi ta yi alkawari ba.

Washegari tana bakin maɗaba'a tun kafin a gama ɗage ƙofar ƙarfe.

"Malam, mutanen da suka biya kuɗin aikin nan suna tambayata abin da ya faru. Ban faɗi sunan shagonka ba tukuna. In ka ce ba za ka gyara ba, yau zan ɗauki hoton shafukan in nuna musu, in gaya musu wanda ya rubuta."

"Barazana kike min?"

"Ina gaya maka abin da zan yi ne."

Ya cire tabarau, ya mayar, ya yi ta gunaguni a kan yaran zamani da rashin godiyarsu. A ƙarshe ya ce zai sake buga takardun ciki kawai, amma cire ƙusoshin da suka ɗinke kowane littafi ba aikinsa ba ne, ba shi da lokaci.

"Ni zan cire."

Ya ba ta benci da wata tsohuwar wuƙa marar kaifi. Ta jawo kwali na farko. Kafin ta gama littafi ashirin farcenta biyu sun karye. Wajen hantsi Yaya ya iso da filaya a aljihu, ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin ba tare da ya dube ta ba, ya ja nasa kwalin.

Mai maɗaba'a ya zo wucewa da sababbin takardu, ya tsaya a kansu yana kallon fararen da'irori kamar mai kallon ciwo.

"Ko na shafin ƙarshe ki bar min," ya ce. "Wannan ya yi daɗi. Har matata sai da ta yi hawaye."

"Ka kai mata ɗaya daga cikin tsofaffin," in ji Auta. "Ka sa sunanka a bangonsa."

Ta zura wuƙar ƙarƙashin wata ƙusar, ta ɗaga.