Zauren Baba Maikano

Barci ya sace ni bayan azahar, a kan kujera, ko hula ban cire ba, raina kuwa a ɓace. Da safiyar ranar na gama magana da Tanimu magini cewa bayan la'asar zai zo da mutanensa su rushe zauren gidanmu, a kafa ƙofar ƙarfe yadda motata za ta riƙa shiga. A zauren nan mahaifina, Baba Maikano, yake wuni bisa buzunsa tun kafin a haife ni, kuma ba mai shiga gidan ko fita sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe shi. Na gaya masa na gyara masa ɗaki can baya, har da fanka. Bai ce uffan ba, ya ci gaba da jan carbinsa. Ni kuwa ba abin da ke ƙona mini rai kamar a yi mini shiru.

Sai ga ni a bakin wata ganuwa, rana tsaka, amma ba abin da ke da inuwa, har ni kaina. Wani tsoho na jirana da zabira a rataye. Na gane shi: Sidi Wanzami ne, abokin zaman Baba, wanda muka binne da daminar bara. Na yi masa sallama bai amsa ba. Ya ce a garin nan ba a amsa sallamar kowa, in biyo shi kawai.

Muka shiga. Garin cike yake da mutane, amma ko tari ba ka ji. Na fara ganin wasu tsaye ƙiƙam kamar taɓare, ruwa mai sanyi na gudana a kan ƙafafunsu, leɓɓansu kuwa sun tsattsage don ƙishi. Na tambayi Sidi me ya hana su sunkuyawa su sha.

Ya ce, "Waɗannan su ne suka ɗauki durƙusa wa babba ƙauyanci. Sun ƙi lanƙwasa gwiwa a duniya, an bar musu ita yadda suka so ta."

Gaba kaɗan akwai maza da mata, waya ta manne da tafin hannun kowannensu. Daga cikinta muryar wata tsohuwa ke fitowa siririya, tana kiran sunan mai ita, shi kuma yana ta danna ta da kuka, ba ta amsuwa. Sidi ya ce su ne masu gaida iyaye ido na kan waya, da masu cewa za su kira anjima har aka kai tsohuwar makwancinta. Na ga kuma waɗanda in sun buɗe baki ƙaiƙayi ke zubowa, wai su ne masu katse dattijo da cewa zamaninsa ya wuce. Sannan muka ratsa wani dogon layi na masu manyan riguna, rana na dukan ƙeyarsu. Duk wanda ya kai taga sai a ce masa ya dawo gobe. Ban ma tambaya ba Sidi ya ce shugabanni ne da suka bar tsofaffin ma'aikata suna faɗuwa a layi wajen neman haƙƙinsu, goben kuwa ba ta zuwa a nan.

Sai na ɗan ji ƙarfin zuciya. Na ce masa ni dai alhamdu lillahi, ina durƙusawa, kuma cin Baba da maganinsa duk a wuyana suke. Ya dube ni da irin kallon da yake mini ina yaro in na ƙi tsayawa aski.

Ya ja ni har ƙofar wani gida mai ƙofar ƙarfe. Gidanmu ne, ba zaure. Motoci na shiga suna fita, gilasai a rufe, a cikinsu na ga 'ya'yana sun yi furfura, ba wanda ya waiwayo. Muka bi lungu zuwa ɗakin baya. Fanka na juyawa ba iska, ga wani buzu a shimfiɗe ba kowa a kai. Na ce ina Baba?

Ya ce, "Maikano ba ɗan garin nan ba ne. Buzun nan naka ne. Yau da safe aka shimfiɗa shi, lokacin da ka kira magini. Ka ciyar da ubanka, gaskiya ne, amma ka ɗauke shi daga inda ake ganinsa. A nan za a ciyar da kai, ba kuwa mai sake ganinka."

Na juya in gudu, na tarar bango ya haɗe inda ƙofa take. Na yi ta dukansa, ƙarar na dawo mini kamar ta guduma.

Na farka jiƙe da gumi, gudumar kuwa ba ta daina ba. Na fita a guje ba takalmi. Tanimu har ya ɓalle ƙyauren zauren. Baba na zaune a waje cikin rana, jingine da katanga, buzunsa a naɗe bisa cinya, butarsa a gefe. Ashe da kansa ya fito, wai kada leburori su ji nauyin tayar da shi. Kunyar da na ji ba ta faɗuwa.

Na ce da Tanimu ya mayar da ƙyauren yadda ya same shi, kuma muddin ina numfashi ba mai taɓa zauren nan. Na karɓi buzun na shimfiɗa shi a gurbinsa, na riƙo hannun Baba na zaunar da shi. Na durƙusa, sai na ji gwiwata ta lanƙwasu.

Baba ya dube ni ya ce, "To, Haladu, motar fa, ina za ta kwana?"

Na ce, "A waje, Baba."