Tiyon Maigari

Zarto na biyu ya mutu a hannun Haruna, ƙarfen kuwa ko a jikinsa. Ya share gumi, ya kalli makarar da ke jingine a zaure.

Maƙwabcinsa Maigari, mai walda a Madawa, ya cika da hantsi bayan doguwar jinya. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya sa aka kafa masa tiyo na inokis, ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa, hagu da dama a ɗan lungun da ke tsakanin ɗakinsa da zaure, yana dafawa. Ga shi an yi wanka, an sa likkafani, amma makara ta ƙi shiga lungun, don tiyon ya matse hanya.

"Mu karkata shi mu hitar," in ji Shafi'i, ƙanen mamacin.

"Karkata wa? Mutumen da ko ƙusa bai taɓa bugawa a karkace ba?" Haruna ya ce. "A kawo injin yanka."

"Babu kuran, an ɗauke wuta tun sahe," in ji Shafi'i.

Ran Haruna ya ɓaci ƙwarai. Shi manomin gero ne, duk abin da ya gagara, ƙarfi yake ƙara masa, shi ya sa ya yi ta dirzar tiyon har wurin ya yi zafi ya ƙara tauri.

Sai Hajo, matar Maigari, ta miƙo hannu ta bayan labule. Wani ɗan ƙarfe ne mai baki kamar na kunama, da ƙaramar taya mai kaifi, sai kwalbar man gyaɗa.

"Baban Nasiba," ta ce a hankali, tana nufin mijinta, "da wanga shikan yanke shi. Ka canza wuri, ka ɗiga mai. Ka matse kaɗan, ka zagaya. Shikan ce inokis ba ya son hushi."

Haruna ya ɗaura abin. Ya matse, ya zagaya, ya ƙara matsewa. Babu ƙara, babu tartsatsi. Can tiyon ya ce ƙas, ya rabu, bakinsa sumul. Haka ya bi sauran. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, har ya ji ƙwalla.

"Alhamdu lillahi," in ji Shafi'i. "Ya huta, mu ma mun hita kunya."

Makara ta shiga, ta fito a miƙe. Haruna ya sa kafaɗa a gaba, suka bi lungun sannu a hankali, ko bango ba su goga ba.