Muryarsa a Tsakiyar Shataletale

Maigidana direban bas ne, kuma Allah ya yi shi da surutu. Kafin ya rasu wasu malaman jami'a suka zo da na'ura suka ɗauki muryarsa, wai tarihin garin nan da ba a rubuta ba suke tarawa. Ni kam tsaki na yi, na ce yau mai baki ya samu kasuwa.

Yadda suka shirya abin, muryar ba ta fitowa a waya sai ka je ka tsaya a wurin da ake maganarsa. A gida ko kuka za ka yi ba za ta buɗe ba. Kana isa sai ya fara: "Nan da kake gani, da majema ce. In labarin rijiya kake so ka yi hagu, in na gobara ne ka yi dama." Haka zai yi ta tura ka lungu-lungu kamar ɗan aike.

Ɗiyata ce ta sa mini a waya kafin ta koma gidan mijinta. Tun daga nan, in gidan ya yi mini faɗi, sai in rufe keken ɗinki in fita. Na bi hagu, na bi dama. Na tsaya gaban banki ina jin labarin maƙabartar da ke ƙarƙashinsa, mai gadi yana hararata kamar na zo sata. Ni ina ruwana da rijiya, ina ruwana da gobara? Kewarsa nake yi, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Wuri ɗaya ya rage ban ji ba, gidan hayar da muka fara zama. An rushe unguwar tuni an yi shataletale, alamar gidan a waya kuma ta faɗa daidai tsakiyarsa. Ga shi ɗiyata ta ce ƙarshen wata za a rufe abin gaba ɗaya.

Ran nan na je na tsaya a bakin titi har ƙafafuna suka yi tsami. Motoci ba su da niyyar tsayawa. Sai na yi shahada na kutsa.

"Ke tsohuwa, kin gaji da duniya ne?" in ji wani mai tasi.

"Kai ka gaji, mara kunya!"

Na haye tsakiyar. Busasshiyar ciyawa ce kawai da robobin ruwa. Wayar ta yi ƙara.

"Nan ne ɗakinmu, na kusa da famfo," in ji shi. "Rufin yana yoyo daidai kan gado. Ranar da aka haifi ɗiyarmu..."

Sai ga wata murya daga nesa a cikin wayar, tawa ce: "Wai ba za ka bar mutane su tafi ba? Abinci ya huce!"

Ya yi dariya. "To kun ji. Sauran ku tambayi mai ɗakin, ta fi ni riƙewa."

Shi ke nan, ya yanke. Na danna, na sake dannawa, babu ƙari. Na waiga hagu da dama. Motoci ne kawai ke zagaye ni, kowa ya rufe gilashinsa.

Na zauna a kan simintin gefen ciyawar, na ajiye wayar a cinyata.

"Ba kusa da famfo ba ne, kusa da ƙofa ne," na ce.

Na ɗaga murya na ci gaba daga inda ya tsaya.